Palmento: tambayoyi da amsoshi kan tsofaffin ɗakunan matsar inabi na kudancin Italiya

Duk wanda ya bi ƙauyukan da ke gindin Etna, dutsen nan mai aman wuta na tsibirin Sisili, zai riƙa cin karo da wasu gine-gine na baƙin dutse a tsakiyar gonaki. Wasu rufinsu ya rufta, wasu an gyara su sun koma gidajen abinci. Ba gidajen kwana ba ne, ba kuma rumbuna ba. Sunansu palmento, kuma a cikinsu manoman yankin suka yi ɗaruruwan shekaru suna matse inabi.

Mene ne palmento?

Wuri ne da aka gina ko aka sassaƙa a dutse domin tattaka inabi da ƙafa, a tara ruwansa, a bar shi ya tsima. Mafi ƙanƙantarsa kwarmi biyu ne a jikin fa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da ƴar kafa a tsakaninsu. Mafi girmansa kuwa gini ne mai hawa biyu ko uku, da ɗakin tattaka, da tankunan dutse, da gungumen matsa, da ɗakin ganguna a can ƙasa. Ba a girka inji a cikinsa. Ginin kansa shi ne injin: an tsara shi yadda inabi zai shiga ta sama, ruwansa ya riƙa gangarowa da kansa daga mataki zuwa mataki har ya isa ganga, ba famfo ba wutar lantarki.

Giya haramun ce. Me ya kai mu ga wannan zance?

Haramcinta ba abin jayayya ba ne. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya ma ambaci mai matsa ta da wanda aka matsa dominsa cikin waɗanda aka la'anta a kanta. Wannan shafi bai zo koyar da haɗa ta ko tallata ta ba. Zancen gini ne, da dabarar manoman wata ƙasa, da yadda sana'a ke tashi ta faɗi, a tsibirin da Musulmi suka taɓa mulka sama da shekara 200.

A ina ake samun su?

Sun fi yawa a kudancin Italiya. A kewayen Etna akwai su birjik a garuruwa irin su Randazzo, Castiglione di Sicilia, Linguaglossa da Milo. A yankin Basilikata akwai garin Pietragalla, a lardin Potenza, inda kusan 200 suke cunkushe wuri guda a bakin gari. A Kalabiriya, wajen Ferruzzano, an ƙidaya sama da 100 da aka sassaƙa kai tsaye a jikin duwatsu a sarari, wasu da zanen gicciye irin na zamanin Rumawan Gabas. Makamantansu suna nan a wasu ƙasashe da wasu sunaye: lagar a kwarin Douro na Fotugal, marani a ƙasar Jojiya.

Yaya aikin yake tafiya a cikin na Etna?

Girbi a can yakan faɗo ne wajen Oktoba. Ayarin masu tsinka, wanda suke kira ciurma, maza da mata da yara, sukan zo daga ƙauyukan nesa su yi kwanaki a gonar mai gida. Masu ɗauka su saɓa kwando a kafaɗa su jera layi ɗaya, sau da yawa da mai busa a gaba yana daidaita musu tafiya. Ba ta ƙofa suke shiga ba. A bayan ginin, ta ɓangaren tudu, akwai matakalar dutse da ta kai ga wata taga, ta nan ake juye inabin ya faɗa daɓen sama, wato pista. Daɓe ne na faffaɗan dutse, mai ɗan gefe kamar tsayin gwiwa, an ɗan karkata shi zuwa kusurwa ɗaya.

A nan masu tattaka suke jira. A Etna ba ƙafa tsirara ake yi ba galibi, manyan takalma masu nauyi suke sawa, su naɗe wando, su goya hannu a baya, su riƙa zagaye bi da bi suna waƙa. Waƙar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. Daɓen yana da santsi, idan ƙafafu ba su sauka tare ba wani zai kife. Ruwan yana bin karkatar daɓe ya fita ta indararon dutse ya zuba a tina, babban tankin da ke hawa na ƙasa.

Idan ƙafa ta gama nata, sai a tattara abin da ya rage a tsakiya da shebur, a ɗora masa wani faifai babba da aka saƙa da tsumagu, faɗinsa ya fi mita ɗaya. Sunansa sceccu, wato jaki. Mazan su kewaye shi, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, su ɗora ƙafa ɗaya, sannan a ba da alama su haye gaba ɗaya, su riƙa durƙusawa suna miƙewa tare. Daga nan a tura ɓawon da ƴaƴan su bi ruwan cikin tina. Gwargwadon daɗewarsu tare, gwargwadon duhun launin abin da zai fito. Wani mai gona kwana ɗaya yake bari, wani kwanaki. Akwai ma wanda ba ya bari ko kaɗan, ana tattakawa ana kwashewa, abin ya fito da launi mai haske.

Bayan haka sai a buɗe wata kafa, ruwan ya bi magudanar dutse ya sauka ɗaki mafi zurfi, ispensa, inda gangunan katako suke jere, wasu tsayinsu ya fi mutum. Galibi da itacen castagno (chestnut a Turance) ake yin su, saboda dajinsa na nan a saman dutsen.

To tuƙar da ta rage fa?

Nan ne aikin conzu, kuma shi ne abin da ya fi ɗaukar ido a duk ginin. Gungumen itace ne guda, mai tauri, tsawonsa mitoci da yawa, kwance a sama. Ƙarshensa ɗaya an maƙale shi a jikin bango. Ɗaya ƙarshen ya rabu biyu, a tsakanin ƴan yatsun an zura wani dogon sukurun katako da ya sauko ƙasa, an ɗaure gindinsa a jikin wani ƙaton dutse da aka sassaƙa.

Ana tara tuƙar a ƙarƙashin gungumen, a gina ta kamar hasumiya, a naɗe ta da igiyar ciyawa kada ta baje, a ɗora katakai a kai. Sai mutum biyu ko fiye su zura sanda a jikin sukurun su riƙa zagayawa. Da farko gungumen ne ke saukowa yana danne tuƙar. Idan ta ƙi ƙara matsuwa, kuma aka ci gaba da juyawa, sai dutsen da kansa ya ɗago daga ƙasa ya rataye. Daga wannan lokaci mutane sun gama nasu. Nauyin dutsen, wanda tsawon gungumen ya ninka, shi zai yi ta ja a hankali na sa'o'i, ruwa na tsattsafowa, mutane na cin abinci ko barci. Idan dutsen ya sauka ya taɓa ƙasa, a sake juya sukuru a ɗaga shi. Akan warware tuƙar a sake gina ta a matsa har sau biyu ko uku, kuma kowane matsi na baya ya fi na gabansa ɗaci, shi ya sa na ƙarshe yakan zama rabon ma'aikata.

Ban san wata dabarar manoma da ta fi wannan iya sa nauyi ya yi wa mutum aiki ba. Kuma tsohuwa ce ƙwarai. Kato, ɗan siyasar Rum, ya bayyana matsa mai gungume wajen shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kodayake tasa da igiya ake janyo ta. Filini Babba, marubucin Rum da ya mutu a aman wutar dutsen Besubiyas na shekarar 79 miladiyya, ya ambaci mai sukuru a matsayin sabon abu a zamaninsa. A wani gida da aka tono a wajen Pompeii, birnin da wannan aman wuta ya binne, an sake haɗa irin wannan gungume, da kan rago a sassaƙe a bakinsa. Manomin Etna na 1950 da na zamanin Filini za su gane kayan aikin juna.

Me ya sa a gangare, kuma me ya sa da dutse?

Gangare shi ne famfonsu. Dutse kuwa shi ne abin da ya fi araha. Gonar Etna narkakken dutse ne da ya daskare ya farfashe, kafin ka shuka komai sai ka tsince duwatsu. Da su ake jera katangun da ke tare ƙasa hawa-hawa, ba siminti ba laka, da su kuma ake gina palmento. Wannan fasaha ta jera dutse ba da kwaɓi ba, hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun da ake karewa a 2018, da sunan Italiya da wasu ƙasashe bakwai.

Akwai kuma batun zafi. Ruwan inabi idan yana tsima zafi yake fitarwa, idan ya yi yawa abin ya lalace. Bango mai kauri da tankin da rabinsa ke cikin ƙasa suna shanye zafin da rana, su riƙe ɗumi da dare.

Na Pietragalla da me suka bambanta?

Na Etna da yawansu na masu manyan gonaki ne, kowa da nasa a gonarsa, ƙaramin manomi kuwa ya jira layi a na maƙwabci ya biya. Na Pietragalla na talakawa ne, ƙanana, na iyali-iyali. An haƙa su a jikin tudu mai dutse mai laushi, an yi musu baki da ginin dutse, an rufe samansu da ƙasa har ciyawa ta tsiro, ta yadda rufin wani shi ne farfajiyar na samansa. Yawancinsu na ƙarni na 19 ne, an kuma yi aiki da su har wajen ƙarshen shekarun 1960.

A ciki za ka tarar da kwarmi biyu zuwa huɗu, da ƴar alkuki a bango ta ajiye fitila ko abinci. Garin yana kan tudu sama da mita 800, sanyi na sauka da wuri, saboda haka wasu suna da murhu a ciki don ɗumama ruwan idan ya ƙi tashi. Jakuna ke kawo inabin daga gona, a tattaka da ƙafa tsirara, a bar shi kwana 15 zuwa 20. Ba a ajiye shi a nan. Ana ɗura shi a ƙananan ganguna a hau da shi cikin gari, zuwa wasu koguna da suke kira rutt, waɗanda aka haƙa ta ɓangaren arewa inda rana ba ta bugu.

Aikin yana da haɗari?

Sosai ma. Yis ɗin da ke cin zaƙin inabi yana fitar da iskar kabon, wadda ba ta da launi kuma ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a gindin tanki. Masu haƙa rijiya sun san irin wannan: mutum ya sauka lafiya, ya yanke jiki, wanda ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Maganin manoman shi ne kyandir. A zura shi ƙasa kafin kowa ya sauka, idan ya mutu ba mai shiga. Shi ya sa a saman ƙofar palmento na Pietragalla ake barin ƴar kafa a buɗe, na Etna kuma ake yi musu rufi mai tsawo da tagogi. Har yau, a masana'antun zamani ma, wannan iska tana kashe ma'aikata.

Tun yaushe ake irin wannan gini?

Mafi tsufan wurin matsa da aka gano cikakke yana kogon Areni a ƙasar Armeniya, na wajen shekara 4100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): daɓen laka mai karkata da ke zuba a cikin tulu, tsari ɗaya da na palmento. A Jojiya an samu alamar giyar inabi a jikin tukwane da suka girme shi da kusan shekara 2000. Na jikin fa a Kalabiriya da Sisili wuyar sa wa shekara gare su, domin dutse sassaƙaƙƙe ba ya faɗin ranar da aka sare shi, kuma tsara bayan tsara sun yi ta amfani da kwarmi ɗaya. Masu rufi da ake gani a Etna kuwa yawancinsu na ƙarni na 18 da na 19 ne.

Da Musulmi suka mulki Sisili, an daina?

Rundunar Aglabawa, sarakunan Musulmi na Tunisiya, ƙarƙashin alƙali Asad bin Furat, ta sauka tsibirin a 827. Palermo ta faɗo hannunsu a 831, mulkin Musulmi kuma bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091, lokacin da Normawa, mayaƙan Kirista ƴan asalin arewacin Faransa, suka kammala karɓe tsibirin. A duk tsawon wannan zamani Kiristoci da yawa sun ci gaba da zama, musamman a gabas inda Etna yake, kuma gonakin inabi ba su mutu ba. Wani bincike da masana na Jami'ar York ta Ingila suka jagoranta, wanda aka buga a 2021, ya gano ragowar giyar inabi a cikin tulunan kasuwanci na wancan lokaci. Abin da hakan ke nunawa shi ne an ci gaba da yi da fatauci. Bai nuna wanda ya sha ba. Inabi kuma ana cin sa ɗanye, ana busar da shi ya zama zabibi.

Giya kaɗai ake samu daga palmento?

A'a. Ruwan farko, tun bai fara tsima ba, matan gida sukan ɗiba su dafa. Idan aka tafasa shi har ya yi kauri sai ya zama maɗi mai duhu da ake zuba wa kayan zaƙi. A Sisili akwai mostarda: a tafasa ruwan da ɗan toka don ta kashe tsaminsa, a tace, a kaɗa da gari har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kasake masu zane, a shanya a rana, a ajiye har hunturu. Ana kuma yin ruwan khal. A Falasɗinu da Lebanon da Siriya, irin waɗannan kwarame na jikin fa Musulmi sun daɗe suna matse inabi a cikinsu don yin dibs, maɗin inabin da birnin Khalil ya yi suna da shi.

Me ya sa suka yi yawa haka a Etna?

Masifar wani, kasuwar wani. Daga shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro dangin darɓa mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara cinye saiwar inabin Faransa. Faransawa suka rasa abin sayarwa, suka bazama neman giya mai ƙarfi da za su gauraya da tasu. Manoman Etna suka hau dutse suna sare daji, suna jera katanga, suna gina palmento. Ganguna suka riƙa gangarowa tashar jiragen ruwa ta Riposto. Har layin dogo aka shimfiɗa ya zagaye dutsen daga birnin Kataniya zuwa Riposto, aka fara buɗe shi a 1895.

Daɗin bai daɗe ba. Rikicin haraji tsakanin Italiya da Faransa a ƙarshen shekarun 1880 ya toshe kasuwar, ƙwaron kuma ya iso Sisili. Maganin da aka samu a ƙarshe shi ne aure: a ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar na Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Amma sake dasa gona sai mai kuɗi. A wasu wurare masu ƙasa mai yashi a saman dutsen ƙwaron bai yi tasiri ba, shi ya sa har yau ake samun kututturen da suka haura shekara 100 a kan saiwarsu ta asali.

Me ya kashe su?

Ba abu ɗaya ba ne. Na farko mutane. Palmento sai da hannaye da yawa, hannayen kuwa sun tafi: miliyoyin ƴan kudancin Italiya sun yi ƙaura zuwa Amurka da Ajantina kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan na biyu kuma matasa suka nufi masana'antun Milan da Turin da Jamus. Sannan ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma suka kafa manyan masana'antu masu inji, manomi ya kai inabinsa a auna a biya shi, ya huta. Dutsen ma ya ci nasa rabon. Aman wutar 1928 ya binne garin Mascali, na 1981 ya lashe gonaki da gidajen gona a kusa da Randazzo.

Doka ce ta ƙarasa. A 1986 wasu ƴan kasuwa a arewacin ƙasar suka zuba sinadarin metanol a giya mai araha, kimanin mutum 20 suka mutu, wasu suka makance, hukuma ta tsananta sa ido. A 1993 Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'idar tsaftar abinci, Italiya ta mai da ita doka a 1997. Ana son bango da daɓe masu wankuwa, da ruwan famfo, da wurin aiki a killace. Daɓen dutse mai ƙananan ramuka, a ɗakin da tagoginsa ke buɗe, ba zai ci wannan jarrabawa ba. Mutum na iya yi don gidansa, amma na sayarwa ya zama matsala.

Dokar ta yi daidai?

Rabi da rabi. Masu kewar zamanin da sukan manta cewa abin da ke fitowa daga palmento da yawa ba mai kyau ba ne, yakan yi tsami kafin bazara, ƙazanta kuma gaskiya ce. Amma dokar an auna ta ne da masana'anta, aka ɗora wa ɗakin manomi. Waɗanda suka kashe mutane a 1986 ba da ƙafa suka tattaka komai ba. A Fotugal kuwa, ƙarƙashin Tarayyar Turai ɗin nan dai, manyan kamfanoni na Douro har yau suna tattaka inabi da ƙafa a lagar na dutse, suna ma alfahari da hakan a talla. Ashe ana iya gyara tsohon wuri ya cika sharaɗi idan akwai kuɗi da masu faɗa a ji a bayansa. Manoman Etna na wancan lokaci ba su da ko ɗaya.

Me ake yi da su yanzu?

Sunan Etna ya dawo kasuwa. Yankin ya samu rajistar sunan giyarsa a hukumance tun 1968, na farko a Sisili, daga wajen shekarar 2000 kuma masu jari daga waje suka fara sayen tsofaffin gonaki. Palmento ya zama ado. Wani ya koma otal, wani ɗakin cin abinci, an goge gungumen conzu an rataya masa fitilu, an rufe tina da gilashi ana taka ta. Hakan ya fi rushewa, amma wanda ya san yadda ake gina tuƙa ta tsaya a ƙarƙashin gungume ba a ajiye shi a gilashi, kuma masu wannan sani tsufa suke yi. Kaɗan ne suka dage, irin su Salvo Foti, masanin harkar inabi da ke Milo, wanda ya farfaɗo da sunan wata tsohuwar ƙungiyar manoman inabi ta Kataniya ta 1435, yake kuma aiki da tsohon palmento yana kiran a halatta su.

Ana iya zuwa a gani?

Na Pietragalla suna bakin hanya a shigar gari, an gyara wasu, ana yawo a tsakaninsu a ƙafa. Daga Potenza tafiyar kamar rabin awa ce a mota. Na Etna yawancinsu a gonakin mutane suke, sai da izini, kuma waɗanda aka gyara galibi a wuraren sayar da giya ne, wanda ba ya son shiga irin wurin ya sani tun daga gida. Jirgin ƙasan da ke bin gefen dutsen yana ratsa gonakin tsakanin Randazzo da Linguaglossa, ana hango kangayen ta taga. Kada a shiga wanda rufinsa ya fara zubewa, tankunan suna da zurfi kuma ciyawa takan rufe bakinsu.